In Tayar da Na Biyun Malam Ko In Bar Shi Ya Kwanta?

Me zai sa mutum ya zaunar da matarsa kowace Juma'a, wata da watanni, ya sa ta duba lafiyar abin da shi ya san ya riga ya mutu? Da wannan tambayar nake kwana, da ita nake tashi, kuma wanda zai amsa mini ita yana ƙarƙashin ƙasar Damagaram.

Ku gafarce ni, na fara magana ban yi sallama ba, tsufa ne da cikar zuciya. Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manyanku da yaranku. Don girman Allah ku taimake ni da shawara, mai kula da zauren kuma ya rufa mini asiri ya ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce a Gure, ban yi lakwal ba, wato boko, ko sunana aka rubuta aka miƙo mini ba zan gane shi ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta muku, a asibiti take aiki, daga Tawa aka turo mana ita, ni ina faɗa ita tana dannawa a salularta. Ita ta ce mini a cikinku akwai masu hankali, akwai kuma waɗanda suka san kan na'ura. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa kada ta gyara, in na yi kuka ta jira ni.

Maigidana, Malam zan ce masa don haka kowa ke kiransa, ya rasu bara cikin girbi. Aikin wayar tarho ya yi shekaru masu yawa, da ya ajiye aiki sai ya ce shi ba zai zauna gindin bedi yana kallon motocin da ke wucewa ba. Ya share zauren gidanmu, ya rataya farin ƙyalle a bango, ya ajiye kujera ɗaya a gabansa, ya ɗora ordinater, wato kwamfuta, a kan tebur, ya sa sola a kan rufi, ya shiga ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. Ran kasuwa zauren nan ba masaka tsinke, mutanen Gidigir, mutanen Kelle, makiyayan Alakos da rawunansu. Daga cikin gida ina jin shi yana fama da su, "Malam, sauke rawanin nan mana, gwamnati fuskarka take so ta gani, ba yadinka ba." Kuma duk wanda ya ɗauka ba ya gogewa, ko an ba mutum nasa ya tafi. Na ce masa me za ka yi da fuskokin mutane, jiƙawa za ka yi ka sha? Ya ce mutumin daji sau ɗaya yake zama gaban na'ura a rayuwarsa, wata rana ƴaƴansa za su zo nema.

A cikin ordinater ɗin akwai wasu ƙarafa biyu, kowanne kamar tafin hannu, diski yake ce musu, ya taɓa buɗewa ya nuna mini. Na fari shi ke aiki kullum, a cikinsa hotunan suke, a cikinsa kuma hankalin na'urar yake, wato abin da ke tayar da ita in an kunna. Na biyu yana gefe, duk abin da ke cikin na fari an zuba masa, har da hankalin. Na ce ashe rumbu biyu ka yi. Ya ce a'a, rumbu ajiya kawai ya iya, wannan raƙumi ne na biyu da sirdinsa a ɗaure, in na fari ya durƙushe a tsakiyar tafiya ba sai ka tsaya neman igiya ba, hawa kawai za ka yi. Ya ce mutane da yawa suna ajiya amma ba sa gwada ko abin da suka ajiye zai tashi, sai ranar da rana ta ɓaci su tarar raƙumin nasu gurgu ne. Shi ya sa duk Juma'a sai an tayar da na biyu an ga tafiyarsa.

Ga yadda muke yi. In ya dawo masallaci ya ci abinci, sai ya rufe ƙofar zaure ta waje, ya ɗora shayi, ya rubuta wani abu a na'urar, sai ka ji ƙarafan nan biyu suna gurnani a hankali, na fari yana zuba wa na biyu abin da aka samu a makon. Abin yana ɗaukar lokaci. Ni ina zaune kan tabarma ina saƙar faifai da kaba, muna hira, wani lokaci ma ba hirar, shi yana kallon gilashin na'urar ni ina kallon hannuna. In an gama sai ya kashe ta ya sake kunnawa, ya ja kujerarsa baya ya ce, "To shef, bisimilla." Ran Juma'a kawai nake shef, wato shugaba, sauran kwanaki ni ce mai hura wuta. Gilashin zai yi baƙi, layi biyu na rubutu su fito, ɗaya sama ɗaya ƙasa, in an ƙyale ta na sama take bi. Aikina shi ne in danna maɓallin da kibiyarsa ke kallon ƙasa, sannan in danna babban nan na hannun dama, kafin ta gaji da jira. Da farko nakan ji kamar wuta za ta kama ni, shi kuwa yana dariya yana cewa matar da ke cire tukunya daga murhu da hannu ba tsumma, wai ita ce ke tsoron roba.

In ta tashi akwai wani tsuntsu da ke fitowa a gefe, baƙi da fari, mai tumbi, kamar agwagwar da ta ƙoshi. Malam ya ce alamar irin tsarin da ya sa wa na'urar ce, ba irin wanda kowa ke sawa ba ne. Daga nan sai a buɗe hotuna, ni ce mai dubawa, don shi ya ce kunne da haɓa kawai yake kallo in yana ɗauka, ni kuwa ni ke ba mutanen ruwa, ni na san wa ya zo. Sai ya ce, "Ina mai haƙorin makkan nan ta Gidigir?" in ce ga ta. "Ina tsohon da ya ƙi cire tabarau?" in ce ga shi nan yana harararka. In duk mutanen makon suna nan, to zubawar ta yi kyau. Sai ya tambaye ni, "Ya tashi?" in ce, "Ya tashi." Ya ce, "Madalla, raƙumi lafiya lau," ya zuba mini shayi. A hankali har ya koya mini buɗe hotunan da kaina, da yadda ake wucewa daga wannan fuska zuwa waccan, da yadda ake kashewa ba a fizge waya ba. Ban san harafi ko ɗaya ba, wurin abubuwa na riƙe, kamar yadda nake sanin inda gishiri yake a ɗakina ko ido rufe.

Wajen azumin ƙarshe da ya yi da mu, na lura zubawar ta daina daɗewa. A da sai na yi zagaye da yawa a faifai, yanzu kafin shayi ya tafasa ya ce an gama, gurnanin ma ya ragu. Na tambaye shi, ya ce, "Sun saba da juna ne, kamar ni da ke, ba sai an yi dogon bayani ba." Na ce Allah ya shirye ka, tsoho da kai. Ban sake tambaya ba. Na ci gaba da danna ƙasa, ina danna babba, ina ce masa ya tashi, yana ce mini madalla.

A damina ya fara ramewa, ya ce zafi ne, ya ce ciki ne, ya ce ba komai. Ana cikin girbi wata safiya ya kasa miƙewa daga salla. Asibitin nan suka ce a kai shi Damagaram. Ɗa ɗaya Allah ya bar mana, a can yake zaune da iyalinsa, shi ya zo da mota. Na ɗaura ƙullina zan shiga, Malam ya ce in zauna, kada a bar gida ba kowa, in ya kwana biyu ya ga yadda jiki yake sai in biyo. Na zauna. Washegarin isarsu ya cika, a can aka yi masa sutura, kafin labari ya zo mini an riga an kai shi. Har yau ban ga inda aka sa shi ba.

Cikin takaba, in Juma'a ta zo gidan nan yakan yi mini faɗi har in rasa inda zan sa kaina. Sai in shiga zaure in rufe ƙofa, in ɗora shayi, in kunna. Zubawa ban iya ba, kuma ba sabon hoto balle a zuba, amma tayarwa na iya, shi kuma ya ce in riƙa yi. In danna ƙasa, in danna babba, tsuntsu ya fito, in ce "ya tashi" da ƙarfi kamar akwai mai ji. Akwai hotonsa guda a ciki wanda ni na ɗauka, ranar da ya ce in gwada, na yanke masa hula da rabin goshi, yana dariya har haƙoransa na baya a waje. Ɗanmu yana da hotunan ubansa a salula, amma duk ya ɗaure fuska a cikinsu kamar alƙali. Wannan kaɗai ne yake yi wa ni dariya. Nakan buɗe shi in sha shayina a gabansa.

Wata rana wata mata daga Kelle ta zo mini gaisuwa, ban ma san ta ba. Bayan ta yi addu'a sai ta sunkuyar da kai ta ce mijinta ma ya rasu, katinsa ya ɓace a wajen kiwo tun da daɗewa, ba su da hotonsa ko ɗaya, ko na Malam yana nan? Muka shiga zaure, muka yi ta wuce fuskoki, har rana ta karkata, sai kawai ta dafe ƙirji. Ta ciro salula ta ɗauki hoton mijin daga gilashin, ta zauna ƙasa ta yi kukanta, na taya ta. Daga nan labari ya bazu. Ran kasuwa sai ka ji sallama, wani uwarsa yake nema, wani wansa, wata ɗanta. Wani ya zo mini da cuku, wani da nono a ƙwarya, wani da labari kawai. Abin da Malam ya faɗa ya tabbata, ƴaƴansu sun zo nema. Kuma ba zan ɓoye muku ba, in ban da su da wannan baiwar Allah da ke rubutu, sai in yi kwanaki ban ji an kira ni ba.

Da ɗana ya zo babbar salla, ya shiga zaure ina kunnawa, sai ya ce, "Inna, wannan ƙarar fa?" Ni na saba da ita har na daina ji, wani ƙas-ƙas ne kamar ɓera yana cin gyaɗa a bayan tukunya. Na ce ai ko na fari ya gaji akwai na biyu, ubanka ba ya tafiya da raƙumi ɗaya. Ya koma, amma da zai dawo sai ya zo da wani mai gyara daga Damagaram, mutum mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Ya kunna, ya duba, ya kashe, ya kwance murfin. Ina tsaye a kansa. Sai ya ɗago ya ce, "Inna, ai diski ɗaya ne ke aiki a nan. Na farin ya daɗe da mutuwa."

Na ce masa ba haka ba ne, duk Juma'a da idona nake ganin layi biyu. Ya ce layi biyu ne, gaskiya, amma an gyara su duka biyun wuri ɗaya suke kai mutum, ko na danna ƙasa ko ban danna ba, na biyun nan ne ke tashi. Ya ce na'urar tana riƙe da lokacin da na farin ya yi aikinsa na ƙarshe, tun wajen azumin bara ne. Sai ya nuna mini wayar da ya kamata a ce tana jone da shi. An cire ta, an naɗe ta da kyau, an ɗaure ta da jar kaba. Kabata ce. Ni na rina ta da hannuna, na san jana ko a cikin na mata ɗari. Nan take na tuna ranar da Malam ya leƙo tsakar gida ya ce in ba shi ɗan sili ɗaya, na ce me za ka yi da shi, ya ce saƙa zai koya ya ƙwace mini kasuwa.

Ashe ya sani. Ba mantuwa ba ce, ba ruɗin ciwo ba ne, da hannunsa ya cire ya ɗaure. Tun daga azumi har girbi, mutumin da ke yi wa duniya wa'azin raƙumi biyu yana tafiya da ɗaya, kuma duk Juma'a ya ɗora shayi, ya yi kamar yana zubawa, ya ce mini shef bisimilla. Ni kuwa ina duba mutanen mako ina ce masa ga su nan, yaya ba za su kasance nan ba, tunda a nan aka sa su tun farko? Me ya hana shi aika wa ɗansa ya sayo sabo? Kunya ya ji? Ya san nasa jikin ne ya ga ba zai ga ƙarshen aikin ba? Ko kuwa ni ya tausaya wa, kada ya ce mini aikina na Juma'a ya ƙare? Wani lokaci in ji haushinsa har in ƙi kallon hoton, wani lokaci in ji kamar in bi hanyar Damagaram da ƙafa in je in tambaye shi.

Mai gyaran ya ciro wani ɗan abu daga jakarsa ya jona, ya ce bari ya kwashe hotunan tun da sauran rai. Aka fara, kaɗan suka wuce, sai ƙas-ƙas ɗin ya ƙaru, komai ya tsaya cak. Na ga gumi a goshinsa. Ya kashe da sauri ya janye hannunsa, ya ce shi ba zai matsa masa a nan ba, na biyun ma ya tsufa, yana gab da bin ɗan'uwansa. Ya ce a shagonsa akwai abin da ke lallaɓa irin wannan, yana ɗiba kaɗan kaɗan kwana da kwanaki, kuma ba zai yi mini alkawarin duka za su fito ba. Abin da ya samu kwashewa na duba, na Malam ba ya ciki. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni barci, ya ce kada in sake kunnawa, wai lokacin tashi ne ya fi wahalar da shi, duk tayarwar da na yi tana iya zama ta ƙarshe. Na tambaye shi in ya gyara za ta dawo da layinta biyu da tsuntsunta? Bai yi mini ƙarya ba, ya ce tsarin Malam ba shi ya saba da shi ba, hotunan zai ceto, ya sa wa na'urar irin wanda ya sani, ko a zuba su a salular ɗana.

A ranar suka so tafiya da diskin. Mai gyaran ya ce in aka naɗe shi da tsumma aka riƙe a cinya hanya ba za ta yi masa komai ba in sha Allahu. Na ce masa haka aka ce mini ranar da aka naɗe Malam da bargo a bayan mota. Na tsaya a bakin ƙofar zaure na ƙi matsawa. Na san maganata ba ta hankali ba ce, ƙarfe ba mutum ba ne, amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ɗana ya ce a ƙyale ni in yi tunani, zai dawo ƙarshen wata, amma in yi masa alkawari ba zan kunna ba. Na ce to. Na rufe na'urar da zanen Malam na sanyi.

Juma'ar farko na daure. Masu zuwa ran kasuwa na ce musu na'ura ba ta da lafiya, suka yi mata addu'a kamar mutum, suka tafi. Sai ga wani makiyayi daga can cikin Alakos, ya ɗaure raƙuminsa a ƙofar gida, yana riƙe da hannun wata yarinya da ba ta wuce fara ɗaukar tulu ba. Ya ce uwarta wajen haihuwarta ta rasu, yarinyar ta fara tambaya wai uwarta da wa take kama, kowa ya faɗa mata nasa, shi kansa fuskar ta fara gushe masa. Ya ji labarina a bakin rijiya, ya baro dabbobinsa a hannun ƙaninsa ya taho. Na faɗa masa abin da mai gyara ya ce. Ya ce ba komai Inna, Allah bai nufa ba, ya juya zai kwance raƙumi. Yarinyar ba ta juya ba, ta tsaya tana leƙen zauren ta gefen zanena.

Na yaye zanen na kunna. Layi biyu suka fito, na danna ƙasa ko da yake yanzu na san ba shi da amfani, hannuna ne ya saba. Gilashi ya yi baƙi ya daɗe, ƙas-ƙas, shiru, ƙas-ƙas, ina ta salati a zuciyata, ina cewa shi ke nan na kashe fuskokin mutane da hannuna. Can sai ga tsuntsu. Uban ya tuna shekarar da suka zo da cewa ana gab da salla ne, Allah ya taimake mu ba mu daɗe ba. Wata doguwa ce mai siririn wuya, ta ɗan karkata kai, da alama Malam yana yi mata faɗa ta miƙe. Uban ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Yarinyar ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin, ta daɗe, sannan ta kai hannu ta shafa nata hancin. Ba su da salula mai ɗauka, sai na aika aka kira wannan maƙwabciyar tawa ta ɗaukar musu.

Ban ɓoye wa ɗana ba, da ya kira na faɗa masa. Tunda na haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce na karya alkawari, ya ce don mutum ɗaya na sa na kowa a bakin rijiya, ya ce fuskokin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, amanar mutane ce, in diskin ya mutu a hannuna me zan faɗa wa na gaba da zai ɗaure raƙumi a ƙofata? Har ya ce ubansa ma kuskure ya yi da ya yi shiru. Nan na ce masa ya iya bakinsa, na kashe salular. Daga baya ya sake kira ya ba ni haƙuri, ya ce in haɗa kayana in biyo diskin, ga ɗaki ga jikoki, me na tsaya yi a gidan da ba kowa. Na ce masa gidan da ubanka ya ce kada a bar shi ba kowa ne.

Na san yana da gaskiya, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Malam da kansa, na da can, ba na ƙarshen nan ba, da shi zai fara cewa a yi sabon na biyu tun kafin rana ta ɓaci. Amma in ƙarfen nan ya fita daga zauren nan, ko ya mutu a hannun mai gyara in ji a salula kamar yadda na ji na mai shi, ko ya rayu ya dawo da wata fuska da ban san wurin komai a cikinta ba, ko ma kada ya dawo, hotuna su zauna a aljihun ɗana a Damagaram. Mutumin Alakos zai je can nema? Ni kuma wa zai ƙara yi mini sallama? In kuma na riƙe shi ina tayarwa, wata Juma'a zan danna ya ƙi, in rasa na kowa, in rasa mai yi mini dariya da rabin goshi.

Tun ranar ban sake kunnawa ba. Juma'ar da ta wuce na shiga na rufe ƙofa, na ɗora shayi, na ɗauki faifaina na zauna gaban zanen, ba wanda ya tambaye ni ko ya tashi. Gobe ma Juma'a ce, ƙarshen wata kuma ya matso.

To ƴaƴana, ku da kuka san na'ura, ku faɗa mini tsakaninku da Allah, gaskiya ne tayarwa tana kashe shi? Akwai wanda ya san tsarin nan mai tsuntsu, da zai iya yi wa sabon diski irin abin da Malam ya yi, layi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne da nasa raƙumin na gaske, yadda in ta dawo hannuna zai gane ta? Ana iya yin haka a nan zaure ba a bi da shi hanyar nan ba? Ku kuma da kuka rasa naku, in ku ne ni, za ku miƙa shi ku zauna jiran kira, ko za ku shiga motar da shi a cinyarku? Kuma in na bi maganar mai gyara na bar shi a kwance, na saɓa wa Malam ke nan?

Don ga abin da ya sa nake tambaya. Ranar da za a tafi da Malam, an kwantar da shi a bayan mota, ɗana ya tayar da mota, ni ina tsaye da ƙullina a hannu ina jin haushin an hana ni shiga. Sai ya sa aka sauke gilashi, ya yafito ni. Na sunkuya, na ɗauka zai ce in yafe masa, ko ya faɗa mini inda ya ajiye wani abu. A lokacin ya san diski ɗaya ya rage, ni ce ban sani ba. Ya kama yatsana, wannan da nake dannawa da shi, ya ce:

"Shef, ran Juma'a ki tayar da shi ko ban dawo ba. Kin iya ke kaɗai."